Hannun Da Ya Ƙone Rumfa Ta Uku

Kwana ashirin da ɗaya ke nan da aka cinna wa tumatirin rumfa ta uku wuta, amma har yau in Auta ta gifta ta wurin sai ƙaurin ya daki hancinta.

Rumfunan leda huɗu babanta yake da su, dogaye, sama farar leda, gefe raga mai ƙananan idanu wadda ko sauro ya zo sai dai ya haƙura. A ciki tumatir ke hawa igiya har ya ɗara mutum tsawo, siraran tiyo na kwance a gindinsa suna ɗiga masa ruwa da taki ɗis-ɗis, kamar ana ba jariri magani. Baba kuwa ba ya wasa da dokar wurin. Duk mai shiga sai ya tsoma takalminsa a bahon magani, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa. Baƙo, ko shi ɗan wane ne, daga bakin ƙofa yake leƙe. Mai shan taba ko shara ba a ɗaukarsa, domin akwai wata muguwar cuta da ke maƙalewa a ganyen taba, ta bi yatsun mai sha ta kama tumatir. In ta kama, babu magani sai tumɓukewa da wuta.

Malamin Gona ne ya kafa dokar. Shekara huɗu yana yi wa Baba aiki, shi ya ɗaura kowace igiya, shi ya shimfiɗa kowane tiyo. Shi ne kuma Auta take so, irin son da har ma'aikata suka gaji da tsegumi a kai. Baba ma ya riga ya ce ya ba shi.

Kwatsam sai ganyen rumfa ta uku ya fara dabbare-dabbare, kore da rawaya, yana murɗewa kamar an gasa shi. Cikin mako biyu layi goma sha biyu suka tafi.

A nan Ƙamshi ya samu bakin magana. Shi wannan mai shagon iri da maganin ƙwari ne, ɗan aminiyar Gwaggo, ƙanwar Baba. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don kafin motarsa ta gama tsayawa turarensa ya riga ya fito ya gaida kowa. Ya daɗe yana zagayen Auta, tana yi masa kallon bango. Ranar ƙona tumatirin ya tsaya kusa da Baba, kai a sunkuye kamar mai ta'aziyya, ya ce shi dai ba ya son shiga tsakani, amma ya ji ƙishin-ƙishin cewa a wurin wani abokinsa Malamin Gona ya kwaso dashen nan, wurin renon da ko ƙofa ba shi da ita, awaki ma shiga suke yi.

Baba ya juya ga Auta a gaban kowa, tun da ita ke riƙe da makullan rumfunan.

"Akwai baƙon da ya shiga rumfar nan?"

"Babu, Baba."

Kafin rana ta karkata an sallami Malamin Gona, aiki da maganar aure duk a zama ɗaya.

*

"Wai ke kukan me kike yi har yanzu?"

Gwaggo ce, zaune a kan kifaffen kwando a ɗakin tsince tumatir, tana fifita da kwali.

"Shekararki ashirin da bakwai, 'yar nan. Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina nan kina shafa ganye. Ga mutum da shago, ga mota, ga tsabta, kin tsaya kina ramewa a kan mai takalmin roba."

"Gwaggo, turarensa ciwon kai yake sa ni."

"Ciwon kan gidanku!"

"Gidanmu ai gidanku ne, Gwaggo."

Gwaggo ta wurga mata kwalin. "Ki yi ta rashin kunyar. Yayana ya ce ƙasa da mako uku ya rage miki ki share hawaye, daga nan zai ba yaron nan amsa. Kuma ni na san amsar."

Ta miƙe tana karkaɗe zani ta fita.

Iya, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a aikin tsince, ta bi bayanta da ido har ta ɓace, sannan ta jawo kujerarta kusa.

"Matso nan, 'yata. Kin dai san ni ba na gulma."

"Na sani, Iya."

Duk gonar nan, in kaza ta yi ƙwai a ɓoye, Iya ce ke fara sani.

"Jiya na zaga bayan tankin ruwa in ɗan miƙe ƙafa. Sai ga motar Ƙamshi, surukin Gwaggonki, gilashi a rufe, ciki fari fat. Na ce wayyo, mota ta kama da wuta! Ina shirin ihu sai ga shi ya fito yana tari. Ya fesa turare a hannu, ya fesa a gemu, har cikin hula ya fesa, ya watsa kanumfari a baki. Ni kuwa na lafe a bayan bulo kamar ƙadangaruwa. Da ya tafi na duba ƙasa."

Ta kwance bakin zaninta. Guntayen taba ne guda uku, ɗaya ma da shatin haƙori.

Auta ta dafa kwando ta zauna a ƙasa.

Abin da Iya ba ta sani ba, kuma babu wanda ya sani sai mutum biyu, shi ne ƙarya Auta ta yi wa babanta. Akwai baƙon da ya shiga rumfa ta uku, ita ce kuma ta buɗe masa.

Ranar sun yi faɗa da Malamin Gona. Ta bar ƙofar raga a buɗe, shi kuma ya yi mata faɗa a gaban ma'aikata kamar wata sabuwar zuwa. Tana cikin huci sai ga Ƙamshi. Ta ce a ranta, bari in nuna wa wancan mai baƙin ran cewa ba shi kaɗai ne namiji ba. Ta ja Ƙamshi ta ƙofar baya, babu baho babu sabulu, ta nuna masa yadda ake cire ƙananan tohon da ke fitowa a hammatar ganye suna cinye abincin uwa. Ya bi layi-layi yana tsinkewa da farce, yana yi mata surutu, ita kuma tana dariyar da ba ta kai ciki ba, tana satar kallon ƙofa.

Wanda aka yi domin shi ɗin ma ashe ya tafi sayen bututu. Bai gani ba.

Da cutar ta ɓulla, ko kusa ba ta kawo Ƙamshi a ranta ba. Wa zai ce mai wannan tsabtar yana shan taba? Tsoron Baba ne kawai ya sa ta ce babu. Amma shi fa? Shi da ke sayar da maganin gona, ya san cutar sarai, ya san hannunsa, ya san ranar. Ya tsaya yana kallon wutar da ya kunna, ya nuna wani da yatsa.

"Iya," ta ce, "ki ci gaba da tsince min waɗannan. Ki samu gwangwani ki tara."

"Me za ki yi da su?"

"Wallahi tallahi sai na tsiraita shi a gaban wanda ya yi wa ƙarya. Sai ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige, da turarensa da hularsa."

Iya ta washe sauran haƙoranta. "Allah Ya kai mu. Ki dai ajiye min wuri a gaba."

*

Kwana biyu bayan nan mutanen gona suka ga abin mamaki. Auta ta sa kwalli. Da motar Ƙamshi ta shigo, har murmushi ta yi masa.

Gwaggo ta kusa yin rawa.

Auta ta jira sai da Iya ta leƙo daga wajen tanki ta sosa kunne, alamar mutumin ya gama banka hayaƙinsa ke nan. Sai ta tare shi a bakin tsohon sito, can nesa da rumfuna, riƙe da tiren dashe mai 'yan tumatir goma sha biyu, lafiyayyu, kore shar. Ta riga ta jera tukwanen roba, ta kuma zaunar da Gwaggo a inuwa.

"Yallaɓai, yau gasa za mu yi. Shida naka, shida nawa. Ina so in ga ko hannun mai son aurena yana da albarka."

Ƙamshi ya kalli dashen, ya kalli yatsunsa. Murmushinsa ya ɗan karkace.

"To bari in ɗan wanke hannu tukuna."

"Haba, yallaɓai! Waɗannan ai na wasa ne, ba rumfa za su shiga ba. Hannun da ke ƙamshi haka, me za a wanke a ciki? Ko akwai abin da ka taɓa ne?"

"Me zai taɓa?" Gwaggo ta karɓe. "Yaron da ko ƙura ba ta zama a jikinsa! Dasa, ɗana, nuna mata."

Ya zai yi? In ya dage sai an tambaye shi dalili. Ya naɗe hannun riga ya durƙusa.

Auta ba ta raga masa ba. Ta sa ya kama kowane dashe a wuya, ya danna ƙasa, ya tsinke ganyen ƙasa da farce. "Murza wannan ka ji ƙanshin ganyen, yallaɓai. Wancan ma. Kai, ashe ka iya!" Shi kuwa gumi na bin wuyansa yana wanke turaren.

Nata shidan ita ta dasa, bayan ta wanke hannu a gaban idon Gwaggo. Aka shigar da tukwanen sito inda rana ke shigowa ta taga, nasa a wannan kusurwa, nata a waccan, kowanne an kifa masa gidan sauro.

"Gwaggo, ke ce alƙaliya. Ki ɗaura wa nasa jan zare da hannunki. Ga makullin siton, ki riƙe, ke za ki riƙa ba su ruwa. Kada gobe a ce na yi maguɗi. Ki dai zuba a gindi, kada ki taɓa ganye."

"Kawo nan," Gwaggo ta ce, ta ɗaure makullin a bakin mayafi. "Na san halinki. Ko inuwarki ba za ta shiga ba."

*

A kwana na goma Auta ta kasa daurewa. Ta shige rumfa ta ɗaya da hantsi, ta tsaya tsakanin layuka inda babu mai ganinta, ta kira Malamin Gona a waya. Sai a kira na huɗu ya ɗauka.

"Auta, babanki ya hana."

Jin muryar kawai hawaye suka ɓalle mata.

"Malam, kana lafiya? Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Ƙarya kake yi, na ji a muryarka."

Ya sauke numfashi. "Wuri uku na je neman aiki. Ko'ina labarin ya riga ni isa. Ɗaya ma ko zama bai ce in yi ba, ya ce, ai kai ne wanda ya ƙone rumfar tsohon nan. Ni ba korar ce ke cina ba, Auta. Sunana ne. Da hannuna na reni dashen nan, iri daga gwangwani a rufe, ƙasa sabuwa. Kullum ina lissafa ta inda cutar ta shigo, na rasa. Har na fara zargin kaina."

Ta toshe baki da mayafi don kada ya ji shessheƙarta.

"Kada ka zargi kanka. Don Allah kada ka zargi kanka."

"To wa zan zarga? Ke kika ce babu wanda ya shiga, ni kuwa ko duniya za ta taru ta ce kin yi ƙarya ba zan yarda ba."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Bakinta ya buɗe zai faɗi gaskiya, tsoro ya rufe shi.

"Ka zo nan da kwana shida, da ƙarfe goma na safe. Ka biyo ta bayan tsohon sito ka tsaya jikin taga."

"In babanki ya gan ni fa?"

"Ka zo kawai. In har ka taɓa sona, ka zo."

"In na taɓa?" Ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Zan zo."

A kwanakin nan Gwaggo ta rage surutu. Iya ta kawo rahoto cewa ta gan ta tana satar taki a leda tana shiga sito, tana fitowa fuska a yamutse. Har kwana biyu ta ce wai makullin ya ɓace.

Auta ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba.

*

Ranar da aka cika kwana goma sha shida, Ƙamshi ya zo cikin farar shadda, domin yau ce Baba zai ba shi amsa. Auta ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, kafin ka yi magana, akwai gasar da muka yi, Gwaggo ce alƙaliya. Ina roƙon ka zo ka gani da idonka."

"Wace irin gasa kuma? Ni na yi kama da mai lokacin wasan yara?"

"Yaya, bar ta kawai, shirme ne," Gwaggo ta yi saurin cewa. "Makullin ma ban san inda yake ba."

"Ga shi nan a bakin mayafinki, Hajiya," in ji Iya, wadda babu wanda ya gayyace ta.

Aka buɗe sito. Baba ya ɗaga gidan sauron farko: shida kore shar, sun miƙe har sun fara neman igiya. Ya ɗaga na biyu, sai hannunsa ya tsaya a sama. Huɗu daga cikin masu jan zare sun tsumbure, ganyen ya yi dabbare-dabbare, sabon toho ya murɗe siriri kamar igiyar takalmi.

Baba ya san wannan ganyen. Layi goma sha biyu na irinsa ya ƙona.

"Daga ina dashen nan?"

"Tire ɗaya ne, Baba, daga wurin renonmu. Gwaggo shaida ce."

"Wa ya dasa masu jan zaren?"

Baba ya juya ga ƙanwarsa.

"Ke nake tambaya."

"Yaron nan ne," Gwaggo ta ce a ciki-ciki. "Amma wallahi na ba su ruwa, har taki na ƙara musu. Ƙila rana ce ba ta..."

"Wa ya shiga nan bayan ke?"

"Babu. Makullin ko wanka da shi nake shiga."

Iya ta matso ta zazzage gwangwaninta a ƙasa, gaban takalmin Ƙamshi. Guntayen taba suka watsu, sun fi talatin.

"Daga bayan tanki, Alhaji. Ni dai ba na gulma, tsintuwa na yi."

Baba ya miƙa hannu. "Kawo yatsunka."

"Baba, ai wannan cin mutunci ne..."

"Kawo, na ce!"

Ya kama hannun ya juya shi. Tsakanin manuniya da na tsakiya fatar ta yi rawaya kamar an shafa kurkum. Ya kai hanci, ya yar da hannun kamar ya taɓa mushe.

Auta ta tsaya tana kallon Ƙamshi, tana shan kallon a hankali kamar ruwan sanyi. Hularsa ta karkace, Gwaggo na salati tana tafa hannu. Kwana goma sha takwas take jiran wannan fuskar.

Amma mugu bai ƙare ba. Ya gyara hula, sai ga murmushi ya dawo masa.

"Na yarda, Baba, ina sha. Jarrabawa ce, a yi min addu'a. Amma me ya haɗa wannan da rumfarka? Ni ban taɓa shiga ba. Kai da kanka ka tambayi mai makulli a gaban jama'a, ta ce babu baƙon da ya shiga." Ya juyo ya zuba mata ido. "Ko ba haka kika ce ba, Auta?"

Ya san abin da yake yi. Ba za ta iya kayar da shi ba sai ta faɗi tare da shi.

Auta ta kalli taga. Ga inuwar mutum a jikin bango, tsaye, ba ya motsi. In ta yi shiru, Ƙamshi ya rasa aure amma ya tsira da sauran, Malam kuma ya ci gaba da yawo da sunan wanda ya ƙone rumfa. In ta yi magana, wanda ke bayan tagar nan zai ji komai.

Ta zube a kan gwiwoyinta.

"Ƙarya na yi maka, Baba. Ya shiga. Ni na buɗe masa ƙofar baya, bai taka baho ba, bai wanke hannu ba. Layi goma sha biyu ya bi yana tsinke toho da farcensa, ina tsaye ina dariya. Ban san yana sha ba, amma na san na karya doka, na ɓoye. Shi kuwa ya san komai, ya ɗora wa bawan Allah."

Murmushin Ƙamshi ya mutu a fuskarsa.

Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ban tsoro ke nan. Ya nuna masa ƙofa.

"Ka ɗauki motarka. In na sake jin warin turaren nan a gonata, kai da uwarka da aminiyar uwarka sai kun san ni. Kuma duk mai rumfar da na sani, yau zai ji irin hannun da ke auna masa iri."

Ƙamshi ya fita yana tuntuɓe da tukwane. A bakin ƙofa ya yi karo da Malamin Gona, wanda ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan Auta.

*

Baba, mutumin da ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ɗana, na zalunce ka. Ka yafe min. Aikinka na nan. Maganar da na janye ma na mayar, in kana so."

"Na yafe, Baba. Aiki zan dawo, don rumfunan nan kamar 'ya'yana suke." Ya ɗan tsaya. "Ɗaya maganar a bar ta tukuna."

Ya juya ya nufi rumfa ta uku. Auta ta tashi ta bi shi da gudu, mayafi na jan ƙasa.

Rumfar wayam take, sai igiyoyi na reto da tiyo a kwance cikin ƙura. Zafi kamar tanda.

"Malam, ka tsaya ka ji."

"Na ji ai. Ta taga na ji, tare da kowa."

"Tsoro ne ya hana ni. Wallahi tsoro ne."

"Tsoro." Ya gyaɗa kai. "Ranar da aka kore ni, kina tsaye can jikin ƙofa. Na kalle ki, na ce a raina, ko ba komai akwai mutum ɗaya a nan da ba ta yi min ƙarya. Kwana shida da suka wuce na ce miki har kaina nake zargi. Kika ce kada in zarga. Kika ajiye waya."

"Ina so in kama shi ne tukuna! In na faɗa ba hujja, wa zai yarda? Dubi abin da na yi masa saboda kai!"

"Saboda ni, ko saboda ya raina miki hankali?"

Sai ta fashe da kuka, irin mai fitowa daga ciki.

"Me ya sa ma kika shigo da shi?"

"Don ka ji haushi," ta ce cikin shessheƙa. "Ka yi min faɗa a gaban mutane. Na so ka gan mu ka ji zafi."

"To na ji. Ya makara, amma na ji."

Idanunsa sun yi ja, amma bai bar ko ɗigo ya sauko ba. Ya je kusurwa ya ɗauko bokiti da buroshi da jarkar maganin wanki, ya dire a gabanta.

"Cutar nan tana daɗewa a jikin ƙarfe da igiya. Kowace ƙugiya, kowane tiyo, kowane ginshiƙi sai an goge shi da hannu. Wata uku ba za a dasa komai a nan ba. Babanki ya mayar min da aikina, don haka ni ke rabon aiki. Wannan naki ne, ke kaɗai. Kawo makullan."

Ta kwance su daga ƙugunta ta miƙa masa.

"In na gama fa?"

"In kin gama zan zo in duba, ranki ya daɗe. In na ga datti a ƙugiya ɗaya, ki sake daga farko."

Ya fita, ya ja ƙofar raga ya rufe ta a hankali yadda doka ta ce.

Auta ta daɗe a durƙushe tana kuka, har majina. Can ta share fuska da bakin mayafi, ta ɗaga kai ta ƙirga ginshiƙan rumfar. Arba'in da takwas. Ta kalli bayan Malamin Gona ta cikin raga, yana tafe ƙyam kamar wanda ya haɗiye sanda, amma sau biyu yana kai hannu ga idonsa.

Ta ja hanci, ta tsiyaya magani a bokiti.

"Ranki ya daɗe ko?" ta ce tana cije leɓe. "Za ka maimaita. Wallahi sai ka zo har nan da ƙafarka ka karɓi buroshin nan daga hannuna, kana ba ni haƙuri."

Ta tsoma buroshin, ta kama ginshiƙi na farko.